Rijiyar Inna a Tudun Murtala

A gidanmu na Nassarawa GRA ruwa iri biyu ne. Akwai na famfo, mai zuwa sa'ad da ya ga dama, mu tara shi a tanki, da shi ake girki da wanki da ban ruwan fulawa. Akwai kuma na jarka. Wata shuɗiyar jarka ce da ke zaune a kusurwar sito, ba mai taɓa ta sai Umma, kuma ruwanta wuri biyu kawai yake zuwa: butar shayin Abba da randar da ke ƙofar falonsa. Mu yara in muna neman wani abu a wurinsa sai mu fara shan ruwan randar nan, mu ce ai ya fi na firij daɗi. Ba ƙarya muke yi sosai ba. Garau yake, da sanyi, babu warin maganin da ake zuba wa na famfo.

Daga rijiyar Inna ake kawo shi. Inna ita ce mahaifiyar Abba, sunanta aka sa mini, shi ya sa Abba bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini. Ban yi mata wayo sosai ba. Abin da na riƙe shi ne wata 'yar tsohuwa mai faɗa, wadda tsakiyar kanta ba gashi. Abba ya ce tulu ne ya cinye gashin. A ƙauyensu rijiya na da nisa, tun tana amarya har ta ga jikoki gammo bai sauka daga kanta ba. Ko bayan da Abba ya yi ƙarfi a aikin gwamnati ya dawo da ita birni, ba ta iya jin famfo na ɗiga ta zauna. In ka wanke hannu ka bar shi a buɗe, ranar za ka ji asalin kakanninka. Umma na cewa ba sunan kaɗai na gada ba, har da bakin.

Abba yana da fili a Tudun Murtala, can wajen gangaren rafi, wanda ya saya da niyyar gina gidajen haya. Da Inna ta rasu sai ya fasa. Ya kira masu haƙar rijiya suka haƙa, aka ɗaure ta da siminti, aka yi mata dakali da magudanar ruwa, aka ja katanga ta baya, aka bar gaba a buɗe ga kowa. Ya ce ladan Allah Ya kai wa Inna kabarinta. Bai kafa allo ba, bai rubuta suna ba, amma zance ba ya ɓuya a unguwa, kafin a jima kowa rijiyar Inna yake ce mata. Famfo bai kai wurin ba a lokacin, mutane daga 'yan garuwa suke saye, saboda haka tun asuba za ka ga layin bokitai.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Abba ba ya zarcewa gida. Direbanmu, wani dattijo mutumin Jigawa, zai karkata da mota Tudun Murtala. Abba zai naɗe hannun riga, ya jefa guga da kansa, ya sha, ya wanke fuska, ya cika jarka. Wani lokaci ya tafi da ni. Matan da ke layi sukan ja baya su ba shi wuri, suna ta Allah Ya jiƙan Inna, Allah Ya kai haske kabarinta. A hanyar dawowa ba ya magana, amma na san fuskar Abba, ban taɓa ganinta a sake kamar a wannan hanya ba.

Sa'ad da soja suka koma bariki, aka kuma ƙaddamar da Shari'a a Kano, ina jami'a ina karatun kimiyyar sinadarai. Zamani ne da kowa ya zama malami. Ka shiga tasi, direba da fasinja suna jayayya a kan hukunci, kowa da abin da ya ji a rediyo. Abba ya yi ritaya a lokacin, shi kuwa ba malamin rediyo ba ne, tun yana yaro yake zama gaban malaman zaure, bai bari ba har ya tsufa. Sai barandarmu ta zama makaranta. Bayan La'asar ana shimfiɗa tabarmi, tsofaffin manyan ma'aikata da masu gadin layinmu su zauna kafaɗa da kafaɗa, Abba na karanta musu fiƙihu. Daga babin tsarki ake farawa, kuma da yake kullum sai an sami sabon zuwa, kullum sai an koma baya. Tagar ɗakina na kallon baranda. Ban taɓa zama a tabarmar ba, amma ko daga barci aka tashe ni zan faɗa maka cewa da abu uku ake gane ruwa ya ɓaci: launinsa, warinsa, ɗanɗanonsa. In ba wanda ya canza a ciki, ruwa na nan da tsarkinsa.

Kafin in kai shekarar ƙarshe an fara kaɗa gangar zaɓe na gaba. Malamin da aka haɗa ni da shi don aikin binciken kammalawa ya ba ni rafin Getsi, wanda ya ratso ta Bompai inda kamfanoni suke, ya gangaro ta gefen Tudun Murtala. Aikina in ɗebo ruwa da laka daga wurare daban-daban, musamman kusa da wani juji da ke bakin rafin, in auna abin da ke ciki. Abokan karatuna maza suka yi ta dariya, wai 'yar GRA za ta shiga kwata. Na sayi rambut, dogayen takalman roba, da safar hannu, na ɗaure hijabi a ƙugu, na shiga. Direbanmu na tsaye a sama da akwatin kwalabe, ya toshe hanci da gefen hularsa, yana ta salati.

Ruwan rafin ba shi da launi ɗaya. Yau baƙi, gobe ja, jibi ka same shi kore da kumfa a kai, ya danganta da abin da aka sako daga sama. Lakar kuwa baƙa ce wuluk, mai santsi, in ka caka mata sanda sai ta saki wani wari da ke bin mutum har gida. Jujin tsohon kududdufi ne da aka haƙa don yin tubali. Shekara da shekaru tifofi ke juye masa ɓarɓashin fata daga wuraren jima, mai launin shuɗi-shuɗi, da lakar da ake kwashewa daga tankunansu. Awaki na kiwo a kai. Ƙasa kaɗan kuma masu lambu ne ke jan ruwan rafin da inji, latas da alayyafonsu kore shar, sun fi na gidanmu kyau.

Irin wannan aiki yana bukatar ruwa mai kyau da za a gwada sauran da shi, don a ga nisan da ke tsakani. Malamin ya ce in samo daga wata rijiya mai tsabta a yankin. Na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, muna da ita a sito. Na roƙi Umma ta tsiyaya mini daga shuɗiyar jarka, har ina jin daɗi a raina cewa ruwan Inna zai shiga aikin digirina.

Ranar da aka saka kwalaben a na'ura, na rafi da na laka ba su ba kowa mamaki ba. Akwai kuromiyom, sinadarin da ake jima da shi a kamfani, akwai dalma, da yawa ƙwarai. Da aka zo kan kwalbar jarka, malamin ya dubi na'ura, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malama, kin haɗa kwalabe."

"Ban haɗa ba, Dakta."

"Kowa haka yake cewa. Ko dai kin haɗa, ko ba ki wanke ta da kyau ba. Wannan ba ruwan sha ba ne."

Raina ya ɓaci, don in akwai abin da na tsana shi ne a ce mini ban iya aikina ba. Na sayi sababbin kwalabe, na wanke su a gabansa, na tafi Tudun Murtala na ja guga da hannuna. Sakamakon bai canza ba. Na sake, a wata ranar daban, har yanzu dai shi ne. Bai kai na rafi ba, amma ya zarce abin da aka yarda mutum ya sha, zarcewa mai nisa. Wannan karon malamin bai yi mini ba'a ba. Ya tambaye ni rijiyar wa ce, mutum nawa ke sha, ya kuma ce in auna nisanta da juji. Sai a lokacin na lura da abin da ya kamata in gani tun ranar farko. Kullum ta titi muke zuwa rijiyar, ni kuma ta gangare nake zuwa jujin. Katangar da Abba ya ja ta baya ita kaɗai ta raba su, sai wani ɗan fili da yara ke buga ƙwallo.

Umma na fara gaya wa, tana tsinken zogale a kicin. Ta saurare ni har na gama, ta ajiye faranti.

"Ki iya bakinki," ta ce. "Kin san mutumin nan da hawan jini. Kin san kuma abin da rijiyar nan take a wurinsa."

"To sai mu bar shi ya yi ta sha?"

"Wa ya ce miki zai sha?"

Daga wannan Juma'ar, da an kawo jarka Umma za ta jira Abba ya shiga ciki, ta tuntsurar da ita a kwata, ta cika ta da ruwan tanki da ta dafa ta bari ya kwana. Abba ya ci gaba da shan shayinsa. Wata rana ma ya ɗaga kofi ya ce wa baƙonsa, ka ji ruwa, ba irin na famfon nan naku ba. Na gudu ɗaki na yi dariya har da hawaye. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Mun tsare kofin mutum ɗaya, unguwa guda kuma na can na layi da bokitai. Na fara kasa cin abinci. In na ga ya dawo ran Juma'a fuskarsa a sake, sai in ji haushin Umma, da haushin kaina, har da haushinsa shi da bai san komai ba.

Wata La'asar, bayan masu karatu sun watse, yana tattara littattafai, na durƙusa a gefen tabarma na ce ina da magana a kan rijiyar Inna. Na faɗa masa komai, a jere, yadda na shirya. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce in ɗebo masa ruwa daga randa a kofin gilas. Dole na ce masa abin da ke randar ba na rijiya ba ne, an kwana biyu. Ya juya ya kalli ƙofar ciki, inda na tabbata Umma na tsaye bayan labule. Na shiga ɗakina na ɗauko kwalbar ruwan rijiyar da na rage, na zuba masa.

Ya ɗaga kofin ya duba ta hasken rana. Ya kai hanci. Kafin in hana shi ya kurɓa, ya juya a baki, ya haɗiye.

"Uwata, launinsa ya canza?"

"A'a, Abba."

"Warinsa fa?"

"Bai canza ba."

"Ɗanɗano ni na ji da bakina. To da me za ki kama shi?"

"Abba, ban ce najasa ne ba. Hukuncin alwala kai ka sani, ni ba na shiga. Na ce akwai guba a ciki, wadda ido ba ya gani, hanci ba ya ji."

"Shekara nawa ina sha? Ga ni zaune."

"Ba a rana ɗaya take kayar da mutum ba. Taruwa take a jiki, ƙoda da hanta su ɗauki wahalar. Kai sha kawai kake yi. Su da shi suke tuwo, da shi suke dama kunun jarirai."

Ya ajiye kofin. Da na tsaya a nan da na yi kyau, amma bakin Inna ba ya tsayawa inda ya kamata. Na ce ai malaman da suka kafa ƙa'idar nan ba su taɓa ganin kamfanin jima ba.

"Kul," ya ce, ba da ƙarfi ba. "Ba ki karanta su ba, ta taga kika ji. Tashi ki ba ni wuri."

Ya yi kwanaki ba ya kirana. Ya daina shan shayi gaba ɗaya, na jarka da na tanki. Umma ta ce ga abin da na jawo, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Sai wata safiya ya aiko a ce in shirya, in ɗauko takalman nan nawa na shiga kwata. Muka ajiye mota a bakin titi, muka zagaya bayan katanga da ƙafa. Damina ta fara, ruwa ya kwanta a kududdufin, shuɗin ɓarɓashin fata na iyo a kai, wani ruwa mai tsatsa-tsatsa na tsattsafowa ta gefe yana nutsewa cikin yashi. Abba ya tsaya ya daɗe. Ya juya ya kalli katangarsa, ya sake kallon jujin. Ya ce sa'ad da aka haƙa rijiyar nan kududdufi ne kawai, yara na kama kwaɗi a ciki, shi kuma tun da aka ja katangar bai taɓa leƙo bayanta ba.

A nan tsaye ya shiga tambayata. In an dafa fa? Na ce dafuwa ƙwayar cuta take kashewa, wannan ba ya mutuwa, ruwan ne ma zai ragu ya bar shi. In an jefa alif, mai kwantar da dattin ruwa? Na ce ba abin dogaro ba ne. In an yashe ta, an ƙara mata zurfi? Na ce ban yi zato ba, don ƙasar ce ta sha. Duk da haka ya kira masu yasa. Suka kwashe ruwan da laka, suka ƙara haƙa, muka jira ta taru, na kai ɗakin gwaji. Da na dawo bai bari na yi magana ba, fuskata ya kalla ya gane ba abin da ya canza. Ya ce, "Malaman da kika raina sun ce kuma ba a cutar da mutum. Yana nan a gaba. Mu ne kullum muke komawa babin farko."

Ya fara da ofisoshin da abin ya shafa. Yawancin masu kujerun a ƙarƙashinsa suka yi aiki. Suka miƙe suka gaishe shi, suka kawo lemo, suka ce magana ce babba, a bari a ga bayan zaɓe. Sai ya je wurin mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa da rijiyar, ya yi musu bayani, aka sanar bayan salla. Ya sa maƙeri ya yi wa rijiyar murfin ƙarfe, ya datse da kwaɗo. Ya kafa tanki a gefe, ya shirya da mai tanka ya riƙa kawo ruwa daga gari.

Na zaci shi ke nan. Ashe ban san unguwa ba, ban kuma san lokacin zaɓe ba. Tankin kafin hantsi ya ƙare, mai tanka kuma yau ya zo gobe ya ce ba mai. Direbanmu, wanda yake da 'yan'uwa a can, shi ke kawo mana abin da ake faɗa, yana sunkuyar da kai kamar shi ya faɗa. Wasu sun ce Alhaji zai sayar da filin ne, ya nemi dalili. Wasu sun ce an gaya masa unguwar ba jam'iyyarsa za ta yi ba, shi ne yake horon su da ƙishirwa, alhali Abba ko katin jam'iyya bai taɓa yanka ba. Wani ɗan takarar kansila ya manna hotunansa a jikin katangar, ya ce in ya ci ranar farko zai fasa kwaɗon. Wani malami matashi ya yi wa'azi a kai, ya ce ruwan da launinsa da warinsa da ɗanɗanonsa ba su canza ba, da wace hujja za a hana Musulmi, kuma wanda ya ba da abu don Allah ba shi da ikon karɓewa. Ni kuwa nawa rabon gajere ne. An ce rijiya ta ba da ruwa guga ya hana, tsoho ya yi alheri 'yar boko ta zo ta soke. Na ji zafin wannan, har yanzu in na tuna ina ji, don na san da gaske suke cikin wahala, kuma ba ni da ko mutum ɗaya da zan nuna in ce ga wanda ruwan ya kwantar.

Ba su jira kansila ba. Ran wata Juma'a muka je muka tarar an fasa kwaɗon, layi ya dawo. Abba ya sa wani, aka sake fasawa. Mai unguwa ya roƙa a bar ta a buɗe don wanki da wanka kawai, ya ce zai sa ido. Abba ya yarda. Da muka koma duba ta, muna tsaye wata yarinya ta ja guga, ta kafa kai a ciki ta sha har ta ƙoshi, ta goge baki, ta gaishe mu da ladabi. Ban ga laifinta ba. Ruwa ne garau, ga rana, ga ƙishirwa.

A mota Abba ya ce wa direba gobe ya nemo tifa biyu na jar ƙasa, da leburori.

Washegari da hantsi muka isa. Umma ta ce kada in je, Abba ya ce in zo. Tifofi sun juye ƙasa a gefen dakali, mutane sun taru, mata daga baya, ba mai hayaniya. Leburorin suna tsaye da shebur a hannu, ba wanda ya motsa. Babbansu ya matso ya rusuna ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Mun sha binne rijiyar da ta ƙafe. Amma mai ruwa, ta sadaka kuma, ni dai ba zan fara ba." Abba bai yi masa faɗa ba. Ya cire babbar riga ya ba direba, ya karɓi shebur, ya cika ta, ya juye. Muka ji ƙasar ta faɗa ruwa can ƙasa. Ya sake, ya kuma sakewa, gumi na bin gemunsa. Na matsa zan karɓa ya girgiza kai. Sai da numfashinsa ya fara sama sannan leburorin suka ji kunya, suka karɓi aikin.

Wata tsohuwa da nake gani a layi tun ina ƙarama ta ratso mutane da sandarta. Na ɗauka zagi za ta yi, har na gyara tsayuwa. Ta tsaya gaban Abba ta ce, "Alhaji, ni ban san tsohuwar nan taka ba, ko a mafarki. Amma tun da aka haƙa rijiyar nan ban taɓa jan guga ban yi mata addu'a ba. Jikokina duk da ruwan nan aka yi musu wankan farko." Abba ya ce mata Allah Ya saka da alheri, ya ce ta yafe masa. Ta ce ba ta san abin da ya yi mata ba da za ta yafe, ta juya.

Bai jira an gama ba. Muka shiga mota, shi a baya ni a gefensa, jar ƙasa duk a wandonsa da takalmansa. Muka wuce Badawa. Ina ta shirya abin da zan faɗa masa, cewa ya yi daidai, cewa da niyya ake duba aiki, cewa ba shi ya zuba shara a kududdufin ba. Duk ya fi ni sanin su. Sai da muka shigo layinmu, direba ya tsaya yana jiran mai gadi ya buɗe ƙofa, sannan Abba ya yi magana, yana kallon tafin hannunsa da shebur ta saɓule.

"Uwata, ranar da aka fara jan ruwan nan na ɗaga hannu na ce, duk abin da ya fito daga rijiyar nan a rubuta wa Inna, ni ba na son komai a ciki. Haka na ce, duk abin da ya fito." Ya ɗago ya dube ni. "Ki taya ni roƙo a bar mata ladan. Sauran a rubuta mini."